A sa wa fayilolin rumbun bayanai iyaka tun kafin faifai ya sa musu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ara mini fili in tofa albarkacin bakina kan wata shawara da na karanta a shafinku na kimiyya da fasaha. Marubucin ya yi bayani mai gamsarwa kan rumbun bayanai, Allah ya ƙara masa basira. Sai dai a wuri ɗaya ya ce tunda faifan ajiya ya yi araha yanzu, mai kula da rumbu ya sakar wa fayilolinsa mara su yi ta girma, kada ya takura musu. A nan ne muka raba gari da shi.

Kula da rumbunan bayanai shi ne sana'ata, kuma na jima a cikinta. Ban taɓa ganin fayil ɗin da ba shi da iyaka ba. In mai kula bai yanka masa ba, faifan da yake kai zai yanka masa ranar da ya cika, kuma faifai ba ya shawara da kowa kan rana ko sa'a. Saboda haka zaɓin da ke hannunmu guda ne: ko dai mu ne za mu faɗi inda za a tsaya da wanda za a tsayar, ko kuma mu bar wa na'ura.

Bari in ɗan yi shimfiɗa domin masu karatu da ba wannan ne aikinsu ba. Babban rumbun bayanai ba ya zama cikin fayil guda. Manhajar da ke riƙe da shi tana zuba teburan bayanai cikin fayiloli da dama, sannan ta haɗa fayilolin rukuni-rukuni, yadda mai kula zai iya cewa teburan kuɗi su zauna a wannan rukunin, fihirisa a wancan, tsofaffin bayanai da ba a cika taɓawa ba kuma a kai su faifai mai nawa. Dabarar iri ɗaya ce da ta masu ƙera jirgin ruwa, da suke yanka cikinsa ɗaki-ɗaki domin in ruwa ya ɓalle a ɗaki ɗaya a rufe ƙofarsa jirgi ya ci gaba da tafiya. Rukunin da aka bari ba iyaka ɗaki ne da aka cire wa ƙofa.

Cika iri biyu ce, kuma wanda ya ɗanɗana su duka ba zai haɗa su ba. In rukuni ya kai iyakar da aka sa masa a cikin SQL Server, manhajar rumbun bayanai ta kamfanin Microsoft, umarnin da ke neman ƙarin wuri shi kaɗai zai faɗi, ya dawo da kuskure mai lamba 1105, a warware abin da ya fara. Masu karanta bayanai suna ci gaba da karatunsu, sauran rukunoni suna ci gaba da karɓar rubutu. In kuwa faifan ne gaba ɗaya ya cika, duk abin da ke kansa ya tsaya tare: bayanai, wurin aikin wucin gadi, kundin da rumbu ke rubuta kowane canji a ciki kafin ya aiwatar, wani lokaci har da fayilolin da sabar kanta, wato kwamfutar da rumbun ke kai, ke buƙata don ta numfasa. A PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai, in faifan da wannan kundi yake kai ya cika, manhajar tana kashe kanta nan take, ba ta kuma tashi da kyau sai an samar mata wuri. A irin wannan daren ne mutum ke ruɗewa ya shiga goge fayilolin da bai san aikinsu ba. Abin ya yi yawa har masu PostgreSQL suka canja wa jakar kundin suna daga pg_xlog zuwa pg_wal a siga ta 10, wadda ta fito a 2017, saboda mutane suna ɗaukarta jakar rahotannin banza ce su share, su wayi gari rumbu ya lalace.

A wani wurin da na taɓa aiki, masu rubuta manhaja sun tura wani sabon gyara da yamma. Gyaran ya zo da matsala: shirin yana cin karo da kuskure, ya rubuta shi a teburin rajistar kurakurai, ya sake gwadawa, ya sake rubutawa, ba hutu ba sassauci. Teburin nan yana cikin rukuni nasa na daban mai iyaka. Kafin tsakar dare rukunin ya cika ya rufe bakinsa, sauran rumbun kuma ya kwana yana aiki, masu shigar da bayanai da safe ba su ma san an yi wani abu ba. Abin dariya, ƙorafin farko da ya iso teburina daga masu gyaran ne, wai iyakata ta hana shirinsu rubuta kurakuransa.

To amma faɗin "a sa iyaka" ba wuya. Wuyar tana wajen tabbatar da ita, domin kowace manhaja da inda take ɓoye ƙofar baya.

SQL Server ba shi da wani maɓalli da za ka ce wannan rukuni kada ya wuce kaza. Kowane fayil ake sa wa nasa da kalmar MAXSIZE, iyakar rukunin kuma ita ce jimillar na fayilolinsa. Fayil huɗu, kowanne gigabayit 50, rukuni ya tsaya a 200. Sai wata rana wuri ya yi ƙaranci, wani ya ƙara fayil na biyar cikin sauri bai rubuta masa iyaka ba. Manhajar ba za ta tambaye shi ba, za ta ɗauka ya yarda fayil ɗin ya yi ta girma har faifai ya ƙare, ko ya kai terabayit 16 da fayil ɗin bayanai ba ya iya wucewa. Daga ranar, iyakokin sauran huɗun ado ne kawai. Shi ya sa ba na yarda da abin da aka rubuta a takardar tsari. Lokaci-lokaci nakan tambayi rumbun da kansa ya jero mini fayilolinsa da iyakar kowanne.

Akwai kuma lissafin da mutane masu ilimi ke mantawa da shi. Faifai gigabayit 500 ne, an ɗora masa rukuni uku, kowanne an yanka masa 200. Kowa ya duba nasa ya ga akwai iyaka, hankalinsa ya kwanta. Jimilla 600 ce. An gudu ba a tsira ba, domin faifai zai cika kafin rukunonin su kai inda aka ce su tsaya. Dole jimillar iyakoki ta gaza girman faifai, a kuma bar rara mai kauri.

Sannan a SQL Server, sabon teburi da ba a faɗa masa inda zai zauna ba, rukunin farko yake faɗawa, wato PRIMARY, inda rumbun ke ajiye teburansa na tsari. Ni da na kafa sabon rumbu nake buɗe wani rukuni in mai da shi masaukin sababbin tebura, in bar na farkon ƙarami ba mai damunsa. Girman takun da fayil ke yi in zai ƙaru shi ma abin dubawa ne. Kafin siga ta 2016, in ba a taɓa komai ba, fayil ɗin bayanai yana ƙaruwa da megabayit 1 a kowane taku, kundi kuma da kashi 10 cikin ɗari na girmansa. Na farkon ya yi ƙanƙanta, na biyun kuma yana girma tare da fayil: kundin da ya kai gigabayit 300 zai nemi 30 a lokaci guda, kowa ya tsaya yana jiransa. Daga 2016 aka mai da duka biyun megabayit 64. Sai dai rumbunan da aka gada daga tsofaffin sigogi suna tahowa da tsohon tsarinsu, ba mai canja musu sai an sa hannu.

Cikin manhajojin rumbun bayanai, Oracle ya fi kowa tanadi a wannan fanni, a ganina. Yana da kwaɗo biyu. Akwai iyakar fayil, akwai kuma kason da ake yanka wa kowane mai asusu a cikin rukuni, yadda za a ce wane yana da megabayit 500 a nan, in ya cinye sai ya ga kuskure mai lamba ORA-01536, maƙwabtansa kuwa ko a jikinsu. Wannan shi ne adalci in mutane da yawa suna tarayya a rukuni ɗaya. Ƙofar bayansa ita ce wani izini mai suna UNLIMITED TABLESPACE, wanda ke tsallake kowane kaso. Shekaru da yawa duk wanda aka bai wa matsayin RESOURCE yana samun wannan izini a ɓoye, kuma matsayin nan shi aka saba miƙa wa masu rubuta manhaja ba tare da dogon tunani ba. Sai a siga ta 12c, a 2013, aka raba su. Wanda ya gaji tsohon rumbu ya duba asusunsa ɗaya bayan ɗaya, zai sha mamaki.

Oracle ɗin nan kuma shi ne shaidata kan cewa "ba iyaka" magana ce ta fatar baki. Fayil na gama-gari a cikinsa ba ya wuce tubali kusan miliyan huɗu. In girman tubali kilobayit 8 ne, kamar yadda aka fi yi, fayil zai tsaya cak a gigabayit 32 ko da ka rubuta masa cewa ya girma ba iyaka. Na sha ganin mai kula yana rantsuwa faifansa da sauran wuri, alhali teburinsa ya ƙi karɓar ko layi ɗaya. Wata kyakkyawar dabara da Oracle ke da ita kuma ita ce a iya umartar dogon aiki ya dakata ya jira in wuri ya ƙare, maimakon ya rushe. Mai kula ya ƙara wuri, aikin ya ɗora daga inda ya tsaya.

PostgreSQL, wadda nake ƙauna, a nan ta bar mu da aiki. Tun siga ta 8.0 a 2005 take da rukunoni, amma rukuni a wurinta jaka ce kawai a kan faifai, babu kaso babu iyaka. Za ta faɗa maka girman rukuni in ka tambaya, ba za ta hana shi wucewa ba. Dole a sauka ƙasa wurin tsarin fayiloli: a ba kowane rukuni yankinsa na faifai, ko a yi amfani da kason jaka na tsarin fayiloli irin su XFS ko ZFS. Yana aiki, amma a san abin da aka saya. Rumbun bai san da wannan iyaka ba. Ranar da ya buge ta, gani yake faifai ne ya cika. In teburan bayanai ne kaɗai a ƙarƙashinta, umarni zai faɗi, sabar ta ci gaba. In aka yi gangancin haɗa kundin canje-canje cikin kaso ɗaya da bayanai, an gina wa kai irin mutuwar da ake gudu. Masu ZFS kuma su lura akwai iyaka iri biyu: ɗaya tana ƙirga hotunan faifai da aka ɗauka a baya, wato ajiyar yadda bayanansa suke a wani lokaci, ɗayar ba ta ƙirgawa. Wanda ya zaɓi ta farko yana kuma ɗaukar hoto kowace sa'a zai ga wurinsa na ƙarewa bayanansa ba su ƙaru ba.

Manhajar MySQL ba zan daɗe a kanta ba. Babban fayil ɗinta na tarayya, ibdata1, in ya kumbura ba ya saɓewa, kuma ana iya sa masa iyaka. Amma tun siga ta 5.6 kowane teburi nasa fayil ɗin yake samu, don haka waccan iyakar ba ta shafe su ba.

Kundin canje-canje kansa yana son a yi masa magana ta daban, domin ba irin bayanai ba ne. Bayanai suna girma a hankali gwargwadon harka. Kundi yana iya ninkawa cikin dare saboda abin da ba ya ma cikin rumbun. A SQL Server, in ana kan tsarin cikakken farfaɗowa aka daina ɗaukar kwafin kundi, ba zai sake amfani da wurinsa ba, zai yi ta tsawo har kuskure mai lamba 9002 ya fito rubutu ya tsaya. A PostgreSQL, sabar ta biyu da ke kwafar ta farko in ta mutu aka manta da gurbinta, ta farkon za ta yi ta adana mata kundi tana jiran dawowarta. Saitin girman kundi mai suna max_wal_size da mutane ke dogara da shi ba katanga ba ce, manhajar tana wuce shi in ta matsu. Sai a siga ta 13, a 2020, aka kawo hanyar cewa in abin da ake adana wa mai kwafa ya kai kaza a sallame shi. Nawa ra'ayin: kundi ya samu faifansa shi kaɗai, iyakarsa ta zama mai yalwa, ƙararrawarsa ta fi ta kowa saurin kaɗawa.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini a fuska: ina amfanin aiki ya tsaya alhali faifai da sauran wuri? Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Iyakar da aka sa aka juya baya tarko ce, kuma wanda ta kama yana da haƙƙin ya yi fushi. Maganinta ƙararrawa, da mutumin da aka san shi za ta tasa. Oracle yana gargaɗi in rukuni ya kai kashi 85 cikin ɗari, ya ɗaga murya a 97. Kason Linux yana da iyaka mai taushi da ake iya wucewa na ɗan lokaci, kwana bakwai in ba a canja ba, da mai tauri da ba a wucewa sam. Duk da haka ni ban cika gamsuwa da ƙidayar kashi ba. Kashi 15 na gigabayit 20 shi ne 3, wanda loda bayanai guda zai iya cinyewa kafin a gama karanta saƙon gargaɗin. Kashi 15 na terabayit 10 kuwa terabayit ɗaya da rabi ne, mai yiwuwa ya kai shekara. Abin da nake aunawa shi ne kwana nawa suka rage in aka ci gaba da girma yadda ake yi a makonnin nan. Wannan lambar ce shugaban da bai san kwamfuta ba yake fahimta, ita ce kuma ke sa a sa hannu a takardar sayen faifai kan lokaci.

Wani kuma zai ce in ya cika ai sai a goge. Gogewa ba ta dawo da wuri yadda ake zato. Ita kanta rubutu ce, sai an shigar da ita kundi, saboda haka goge layi miliyoyi a rumbun da ke shaƙe yana iya ƙarasa shi. A PostgreSQL layin da aka goge yana nan kwance sai mai shara, wato shirin da ke kwashe layukan da aka goge, ya bi ta kansa, shi ma wurin yake warewa domin a sake amfani da shi a cikin teburin, galibi ba ya mayar wa faifai. In ana son fayil ya ragu da gaske sai a sake rubuta teburin sabo, wanda ke buƙatar wurin da zai ɗauki sabon kwafin kafin a saki tsohon. Sake gina fihirisa ma haka. Wato gyaran cika yana cin wuri, kuma rarar nan da na ce a bari domin wannan ranar take. Masu tsarin fayiloli na ext4 sun san haka, shi ya sa suke keɓe wa mai kula kashi 5 cikin ɗari tun wajen tsara faifai. Wasu abokan aikina suna ajiye wani ƙaton fayil da ba komai a cikinsa, domin ranar da aka shaƙe a share shi a samu wurin juyawa. Dabara ce mai kama da wasa, amma tana fitar da mutum kunya.

Batun araha kuwa, faifai shi ne mafi ƙanƙantar abin da girma ke ci. Rumbun da ya ninka, kwafin ko-ta-kwana nasa ya ninka, lokacin ɗaukarsa ya ƙaru, kuma ranar da aka wayi gari ana buƙatar dawo da shi, sa'o'in da kowa zai zauna hannu rungume su ma sun ƙaru. Masu hayar sabar ta intanet ba su tsira ba. A hidimar RDS ta Amazon ana iya barin wuri ya riƙa ƙaruwa da kansa, amma akwai rufin da ake sa masa, kuma wurin da aka riga aka ƙara ba a rage shi kai tsaye, sai dai a ƙaura zuwa sabon rumbu. Kuskuren dare ɗaya sai ya zama kuɗin haya na kowane wata. Kamfanonin da kansu sun san darajar iyaka in ta shafi aljihunsu: kafin siga ta 2025, sigar kyauta ta SQL Server ta shekara da shekaru tana tsayar da kowane rumbu a gigabayit 10, ba roƙo ba magiya.

Wani amfanin da na fi daraja shi ne tambayar da iyaka ke tilasta a yi. In mai rukuni ya zo neman ƙari, ba na hana shi, amma nakan ce mu duba me ya cika wurin. Sau da yawa sai a tarar da kwafin teburi da wani ya yi don gwaji ya manta, ko rajistar shekarun baya da ba wanda ya san dalilin riƙe ta, ko hotuna da aka cusa cikin teburi alhali akwai inda ya fi dacewa da su. Wani lokaci kuma harka ce ta bunƙasa da gaske, sai a ƙara masa da murna, a rubuta ranar da dalilin.

Abu na ƙarshe, ga 'yan'uwana masu wannan aiki: a gwada iyakar kafin ta gwada mutane. A ɗauki sabar gwaji, a matse rukuni, a cika shi da gangan, sannan a zauna gaban manhajar kamar mai amfani da ita a danna ajiyewa. Rumbu zai ƙi karɓa ya dawo da kuskure, wannan tabbas ne. Abin da ba tabbas shi ne me manhajar za ta yi da kuskuren. Na ga wadda ke haɗiye shi ta nuna wa ma'aikaci cewa an ajiye, shi kuma ya wuce zuwa na gaba, bayanan sun bi iska. Na ga wadda ke sake gwadawa ba ƙaƙƙautawa har ta toshe wa sauran hanya. Irin waɗannan sai an koma wurin masu rubuta su, a nemi saƙo bayyananne ga mai amfani da kuma dakatawa tsakanin gwaji da gwaji, kafin a ɗora iyakar a kan sabar da jama'a ke aiki da ita.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Mai karatunku, wani mai kula da rumbunan bayanai